RAID ɗin da ya ƙi tashi a wani ofishin dillancin kaya a Garwa

Ofishin na wani Alhaji ne mai dillancin kaya. Kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundere, inda layin dogon Kamaru ya ƙare, shi yake ɗorawa a manyan motoci su bi ta Garwa da Marwa zuwa Kusiri, su tsallaka Njamena. Aikin duk takarda ne: takardun kwastam, takardun lodi, rasidai, hotunan lasisin direbobi. Shekaru da dama ana ɗaukar hotonsu ana zubawa a saba ɗaya, wato kwamfutar da ke adana fayilolin ofis, da ke ƙarƙashin teburi a ɗakin akanta. Sabar tana tafiya da Debian, wani nau'in Linux, wanda ke zaune a ƙaramin faifan SSD shi kaɗai. Takardun kuma suna kan faya-fayai huɗu masu terabait 2 kowanne, an haɗa su da manhajar mdadm a tsarin RAID 5, wato su yi aiki kamar faifai ɗaya da ke jure mutuwar ɗayansu, abin da ke ba da wurin ajiya na terabait 6. Kwafin ajiya a wani wuri daban, babu.

Wata Alhamis cikin watan Maris, bayan la'asar, aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Wanda ya san Garwa ya san wannan ba labari ba ne. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai ga madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40. Akwai onduler a ofishin, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, amma a ranar ko daƙiƙa ɗaya bai riƙe ba. Da aka tayar da janareta aka kunna sabar, sai allo ya tsaya yana ƙirge har minti ɗaya da rabi, sannan ya faɗa yanayin gaggawa yana neman kalmar sirrin root, wato mai cikakken iko a kan sabar.

Abin da aka fara gani

Akwai wani matashi a ofishin, ɗan ƙanen Alhaji, shi ke kula da kwamfutoci, kuma yana da kai. Ni aka kira in duba sabar, amma kafin in iso ya riga ya shiga ya buga

cat /proc/mdstat

ya ga md127, sunan da RAID ɗin ke amsawa, da kalmar inactive a gabansa, wato bai tashi ba, da faya-fayai uku a jere maimakon huɗu. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne lambar. Ya ce, "Yaya, a takardar da wanda ya haɗa mana sabar ya bari md0 aka rubuta. Sunan ne ya canza, shi ya sa ba ta ganinsa."

Tunanin ba shirme ba ne, don sau da yawa a nan matsalar take. Idan Linux ya tarar da RAID da ba a ambata a /etc/mdadm/mdadm.conf ba, sai ya ba shi lamba daga 127 yana saukowa, kuma duk wanda ya rubuta /dev/md0 a /etc/fstab, jerin wuraren ajiyar da saba ke ɗorawa idan ta tashi, sabarsa za ta maƙale a wurin tashi. Amma da muka buɗe fstab ɗin, da UUID, lambar shaida da ba ta canzawa, aka rubuta layin, ba da sunan na'ura ba. Sai ya tuna cewa an taɓa sake zuba Debian lokacin da aka canza SSD, kuma ba a mayar da tsohon mdadm.conf ba. Ke nan tun daga lokacin RAID ɗin md127 yake amsawa, yana aiki lafiya ƙalau, ba wanda ya lura. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Sai dai wannan fayil da aka manta zai sake fitowa a gaba, don a cikinsa ake rubuta wanda za a sanar idan faifai ya faɗi.

Amsar tana cikin rahoton kanel, wato zuciyar Linux da ke mu'amala da faya-fayan kai tsaye. Muka buga journalctl -k muka nemi layukan da suka fara da md, sai ga guda biyu:

md: kicking non-fresh sde1 from array!
md/raid:md127: cannot start dirty degraded array.

Na farko yana cewa an kori sde1, ɗaya daga cikin faya-fayan huɗu, saboda bayanansa tsoho ne. Na biyu yana cewa RAID ɗin ya haɗa larura biyu lokaci ɗaya: faifai ɗaya ya ɓace masa, kuma an katse shi yana tsakiyar rubutu. Kowace ɗaya ita kaɗai ba ta hana shi tashi. Haɗuwarsu ce ta hana.

Kafin mu taɓa komai, muka buga ls -l /dev/disk/by-id muka kwafe lambar jikin kowane faifai, muka rubuta a salatif muka manna a kansa. Sunaye irin sdb da sdc ba su da tabbas, suna iya musanyawa daga wannan tashi zuwa wancan, kuma a irin wannan aiki kuskuren harafi ɗaya ya isa ya shafe faifan da ake son ceto.

Abin da hatimin kowane faifai ya faɗa

Kowane faifai a cikin RAID yana ɗauke da hatiminsa, ɗan wuri da mdadm ke rubuta ko shi wane ne, matsayinsa na nawa, da yadda ya bar 'yan uwansa. A tsarin 1.2, wanda mdadm ke amfani da shi idan ba a zaɓi wani ba, hatimin yana kilobait 4 daga farkon ɓangaren faifan. Ana karanta shi ba tare da rubuta komai ba:

mdadm --examine /dev/sdb1

Muka yi wa duk huɗun, muka adana sakamakon a filasha, muka kuma ɗauki hotonsa da waya. Layuka huɗu ne abin dubawa. Events, ƙirgen da ke ƙaruwa duk lokacin da yanayin RAID ya sauya: sdb1, sdc1 da sdd1 duk lamba ɗaya suka nuna, sde1 kuwa yana baya da dubbai. Update Time: ukun sun nuna ranar Alhamis ɗin da la'asar, na huɗun ya tsaya tun cikin Disamba. Array State: ukun sun nuna AAA da ɗigo a ƙarshe, wato sun san na huɗu ba ya tare da su, shi kuwa sde1 ya nuna AAAA, har yanzu yana zaton komai lafiya. Sai State, inda ukun suka ce active maimakon clean, alamar ba a rufe su da tsari ba.

Da wannan labarin ya fito fili. Faifai na huɗu ya fita tun Disamba. Wata uku ofishin na aiki a kan faya-fayai uku, ba tare da wata kariya ba. Kowace Asabar da yamma suna kashe sabar yadda ya kamata, Litinin su kunna, ita kuma ta tashi, don RAID 5 da ya rasa faifai ɗaya amma aka rufe shi da tsari yana tashi ba gardama. Ɗauke wutar ranar Alhamis ba ita ta haifar da ciwon ba, tona shi ta yi.

Me ya sa kanel ya ƙi

Wannan ne wurin da na fi daɗewa ina yi wa Alhaji bayani, don shi tambayarsa ɗaya ce: "Malam, an ce mini ko ɗaya ya mutu ukun sun isa. To ga ukun nan, me ya hana?"

RAID 5 yana yanka bayanai gutsure-gutsure, a nan kilobait 512 kowanne, ya jera su sahu-sahu. A kowane sahu na faya-fayai huɗu, gutsure uku bayanai ne, na huɗu lissafin cike gurbi ne, kuma wurin lissafin yana zagayawa daga faifai zuwa faifai. Na ce masa ya ɗauka littafin ciniki ne: an rubuta 5, 7 da 4, a ƙasa an rubuta jimilla 16. Idan ruwa ya goge 7 ɗin, daga sauran za a gane ta. To, a ce akawu ya goge 5 ya rubuta 9, kafin ya gyara jimillar aka kira shi waje. Idan lambobin uku suna nan, ba matsala, a sake tarawa a gyara jimilla. Amma idan dama 7 ɗin a goge take, duk wanda ya zo ya lissafa zai ce 3 ce, kuma ba abin da zai nuna masa ya yi kuskure.

Halin da sabar ta shiga ke nan. Tana tsakiyar rubutu wuta ta tafi, ana iya samun sahun da bayaninsa ya sauka a faifai amma lissafinsa bai sauka ba, alhali da wannan lissafin ake ƙago abin da ke kan faifan da ya ɓace. Kanel ba shi da hanyar sanin ko hakan ya faru, don haka ya tsaya, ya bar wa mutum ya ɗauki alhakin. A ganina wannan ƙin tashi shi ne abu mafi kyau da sabar ta yi a ranar. Da ta tashi shiru, da ofis ya ci gaba da aiki a kan faya-fayai uku har ranar da na biyu zai faɗi.

Umarnin da ba mu buga ba

Matashin ya nuna mini a wayarsa wata shawara da ya samo: a sake ƙirƙirar RAID ɗin da mdadm --create tare da --assume-clean, wai bayanai za su dawo. Na roƙe shi ya ajiye wayar. Umarnin --create yana shafe hatiman nan huɗu ya rubuta sabbi, tare da ƙirgen Events da jerin matsayi, wato ainihin shaidar da muka dogara da ita. Kuma sai komai ya yi daidai da ranar farko: jerin faya-fayan, girman gutsure, nau'in hatimi, da nisan da bayanai suka fara daga farkon faifai. Waɗannan sun sha canzawa tsakanin tsofaffin mdadm da sabbi. Girman gutsure kaɗai a da kilobait 64 ne kafin ya koma 512. Idan aka sa sde1 a ciki kuma, an gauraya bayanan Disamba da na Maris a matsayin abu ɗaya. Umarnin yana da ranarsa, idan hatimai sun riga sun lalace kuma an kwafe faya-fayan. Namu hatiman lafiyarsu ƙalau.

Umarnin da ya dace da halinmu shi ne --assemble --force. Amma shi ma ba mu yi gaggawar bugawa ba, sai da muka tambayi faya-fayan lafiyarsu da smartctl -a, kuma a nan ne lamarin ya sauya kama.

Wanda aka kora, sde, lafiyayye ne. Babu sekta, wato ɗan ƙaramin gurbin ajiya a jikin faifai, da aka sauya wa wuri, babu mai jiran sauyi. Abin da ya yi yawa a kansa shi ne lamba ta 199, UDMA_CRC_Error_Count, wadda ke ƙirga kurakuran da ke faruwa a kan hanya tsakanin faifai da uwar allo. Wannan kusan kullum waya ce. Muka buɗe akwatin, na taɓa wayar SATA ɗinsa da ɗan yatsa sai ta yi lilo, irin marar maƙalli ce. Matashin ya ce cikin hunturu sun fitar da sabar waje sun hure mata ƙura da abin busa iska. Watan ya yi daidai da abin da hatimi ya nuna.

Mai ciwon gaske yana cikin ukun da muka dogara da su. A kan sdd, lamba ta 197, Current_Pending_Sector, ba sifili ba ce: akwai wuraren da faifan ya kasa karantawa. Debian na zuwa da tsarin da ke duba RAID gaba ɗaya sau ɗaya a wata, Lahadin farko cikin dare, kuma irin wannan duba ne ke gano sekta marar kyau ya gyara ta daga sauran faya-fayai tun RAID na cike. Sabar ofishin nan ba ta taɓa kwana a kunne ranar Lahadi ba.

Haɗarin a bayyane yake. Da mun tilasta RAID ya tashi, muka mayar da sde ciki, sake ginin zai bi kowace sekta ta faya-fayai ukun yana karantawa, sai ya iso wurin nan. Kuma faya-fayan irin na kwamfutar tebur ne. Muka gwada smartctl -l scterc, suka ce ba su da wannan damar ta taƙaita lokacin ƙoƙari. Irinsu idan sun ci karo da sekta marar kyau suna iya yin fiye da minti suna ta gwadawa ba su amsa kowa ba, alhali kanel daƙiƙa 30 yake jira. Idan ya gaji sai ya ɗauka faifan ya mutu ya fitar da shi, a bar RAID 5 da faya-fayai biyu. Nan take muka ƙara wa kanel haƙuri a kan kowane faifai:

echo 180 > /sys/block/sdd/device/timeout

Kwafi kafin komai

Na ce wa Alhaji ana buƙatar faya-fayai biyu: ɗaya mai terabait 2 da zai maye gurbin sdd, ɗaya babba na waje da za a kwashe takardun a kai. Ya ɗan yi shiru, ya tambaya ko ba za a iya tayar da ita yau ba a sayi faifan daga baya, don akwai motoci a Ngaundere da ke jiran takardu. Na ce ana iya gwadawa, amma idan sdd ya faɗi a tsakiyar aikin, takardun shekarun baya duka ne a kan layi, ba na motocin yau kaɗai ba. Ya aika aka sayo. Motocin kuma aka nemo musu takardunsu daga saƙonnin WhatsApp na direbobi da na abokan hulɗa.

Faifan da aka kawo a matsayin sabo sai da muka duba lamba ta 9, Power_On_Hours, don ana sayar da tsofaffi a cikin leda mai kyau. Muka kuma gwada girmansa da blockdev --getsize64, saboda faya-fayai biyu na iya amsa terabait 2 amma ɗaya ya gaza da 'yan sektoci. Ya wuce duka biyun.

Muka tsayar da RAID ɗin da mdadm --stop /dev/md127, muka kwafe sdd da ddrescue, wanda a Debian yake cikin ƙunshin gddrescue:

ddrescue -f -n /dev/sdd /dev/sdf taswira.map
ddrescue -f -d -r3 /dev/sdd /dev/sdf taswira.map

Zagayen farko yana kwashe duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi, ya tsallake wuraren wahala. Na biyu yana komawa kansu sau uku. Fayil ɗin taswira shi ne rufin asirin mai aiki a garin da ake ɗauke wuta: idan janareta ya mutu, aikin zai ci gaba daga inda ya tsaya. Mun ajiye shi a filasha, muka sa fanka tana hura faya-fayan kai tsaye. Da aka gama, komai ya kwafu sai kilobait 8 a wuri ɗaya.

Kilobait 8 ba yawa, amma a kan sabon faifan wurin zai karantu lafiya da abin da ba shi ne ainihi ba, kuma mdadm ba zai sani ba. Don haka muka cika gurbin da wata kalma da ba za a same ta a kowace takarda ba, ta hanyar ddrescue --fill-mode=- da taswirar nan, domin mu neme ta daga baya. Sannan muka zare tsohon sdd daga sabar baki ɗaya, don shi da kwafinsa hatimi ɗaya suke ɗauke da shi, barinsu tare rikici ne.

Tayarwa a kan rufin gwaji

Har a nan ba mu yarda a rubuta komai a kan faya-fayan ainihi ba. Linux na ba da damar shimfiɗa rufi a kan faifai da dmsetup: karatu ya fito daga faifan, rubutu ya tafi wani fayil daban. Idan gwaji ya ɓaci, a jefar da rufin a sake. Muka yi wa ukun, sannan muka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ba mu bar --scan ya zaɓa mana ba. Ba tare da tilastawa ba mdadm ya ce faya-fayai uku ba su isa ba tunda RAID ɗin ba a rufe yake da tsari ba, ya ba da shawarar --force. Da muka ƙara shi:

mdadm --assemble --force /dev/md0 /dev/mapper/rufi_b /dev/mapper/rufi_c /dev/mapper/rufi_f

sai ya amsa cewa ya mayar da shi clean, ya tashe shi da faifai 3 cikin 4. Abin da --force ya yi a nan ɗan kaɗan ne, tunda ƙirgen ukun ɗaya ne: alamar "ana tsakiyar rubutu" kawai ya goge. Muka bar ext4, tsarin fayilolin da ke kan RAID ɗin, ya kammala abin da ke cikin kundin ayyukansa, muka bi shi da fsck.ext4 -n, bai sami abin damuwa ba. Muka ɗora shi don karatu kaɗai, muka kwashe komai zuwa faifan waje da rsync, muka fara da na akanta da takardun wannan shekarar.

Saura tambayoyi biyu. Ta farko, me ake rubutawa lokacin da wuta ta tafi? Muka nemo fayilolin da aka taɓa a sa'ar ƙarshe da find, ba su da yawa. Akanta ya zauna da littafin rasidinsa na takarda yana gwada shigarwar ranar ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ce kaɗai ba ta shiga ba, ya sake shigar da ita. Hoton takarda ɗaya da ake turowa daga na'urar ɗaukar hoto ya yanke a rabi, aka sake ɗauka.

Ta biyu, ina kilobait 8 ɗin nan suka faɗa? Muka sa grep ya bi fayilolin yana neman kalmarmu, ya same ta a wani babban PDF na takardun kwastam na 2021. A nan akwai abin da ake yawan mantawa. Tunda RAID ɗin ba shi da faifai na huɗu, gutsuren da ya kamata ya kasance a kansa a wannan sahun ana ƙago shi ne daga sauran ukun, har da gurɓataccen. Ɓarnar na iya zama wuri biyu, kuma na biyun ba zai nuna kalmarmu ba. Muka duba da filefrag -v, muka ga sahun gaba ɗaya, megabait ɗaya da rabi, yana cikin wannan fayil ɗin, bai taɓa wani ba.

Sai faifan da aka kora ya yi rana. Fayil ɗin na 2021 ne, ba a taɓa shi ba tun kafin Disamba, ke nan abin da sde ke riƙe da shi a wannan sahun daidai yake har yau. Muka shimfiɗa sabon rufi, muka tilasta sdb, sdc da sde su tashi tare, muna sane cewa tsarin fayilolin da zai fito gauraye ne na Disamba da Maris, ba abin ɗorawa ba ne. Ba mu ɗora shi ba. Da dd muka ciro daidai sektocin da filefrag ya nuna, muka haɗa fayil ɗin, ya buɗe shafi bayan shafi. Da an yi wa sde --zero-superblock ko an mayar da shi RAID tun da fari, da wannan hanyar ta rufe.

Bayan an sami kwafi

Da takardun suka zauna a faifan waje, sauran aikin ba mai tayar da hankali ba ne. Muka cire rufin, muka tayar da RAID a kan faya-fayan ainihi, muka mayar da gyararren PDF wurinsa, muka canza wa sde waya mai maƙalli, muka ƙara shi da mdadm --add. Sake ginin ya ci sa'o'i da janareta a kunne, har /proc/mdstat ya nuna [UUUU], U ɗaya ga kowane faifai mai aiki. Muka ƙara masa taswirar rubutu da mdadm --grow --bitmap=internal, wadda ba ya da ita, domin nan gaba idan waya ta sake yin lilo a mayar da faifan da --re-add a gyara wuraren da suka canza kaɗai.

Sannan mdadm.conf. Muka zuba masa layin da mdadm --detail --scan ya bayar, muka buga update-initramfs -u don kwafin da ake karantawa a farkon tashi ya san da shi, RAID ya koma md0. Mafi muhimmanci, muka sa layin MAILADDR tare da hanyar fitar da wasiƙa daga sabar, muka gwada da mdadm --monitor --scan --test --oneshot har saƙon ya shigo wayar matashin. A ofis irin wannan ba kowa ke buɗe imel kullum ba, don haka na ce masa kowace Litinin, bayan ya kunna saba, ya buɗe /proc/mdstat ya ƙirga U huɗu. Duban wata-wata kuma muka mayar da shi ranar aiki, da rana.

A fstab muka ƙara nofail, don idan RAID ya sake ƙin tashi sabar ta kai ga inda za a iya shiga ta daga nesa. Wannan yana da tarkonsa: idan RAID bai hau ba, Samba, manhajar da ke raba fayilolin ga kwamfutocin ofis, zai ga babban fayil ɗin fanko, ma'aikata su ci gaba da zuba takardu a kan SSD ba su sani ba. Muka kulle fankon da chattr +i lokacin da ba a ɗora komai a kansa ba, yadda rubutu zai ƙi shiga sai RAID na nan.

Batirin onduler ya kumbura har murfinsa na ƙin rufuwa. Batirin dalma an ƙiyasta rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da rabi, to ɗakin da ke Garwa ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba ba zai ba shi shekarun da aka rubuta a kwali ba. Aka canza batirin, muka haɗa onduler da sabar ta USB da manhajar NUT, yadda idan wuta ta tafi batiri ya yi ƙasa sabar za ta kashe kanta da tsari. Faifan waje kuma kowace Juma'a ake sabunta shi ya tafi gidan Alhaji.

Na so a koma RAID 6, wanda ke jure mutuwar faifai biyu, tunda takardun ba su kai rabin wurin ba. Alhaji ya ce kuɗin da ya kashe a makon ya isa, a bari sai bayan Sallah, kuma ban ga laifinsa ba tunda yanzu akwai kwafi. Abin da na nace a kai shi ne sdb, sdc da sde sa'annin wanda ya lalace ne, rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha. Mun yi da shi cewa za a riƙa canza su ɗaya-ɗaya, ana sa sabon a matsayin na jiran ko-ta-kwana a buga mdadm --replace, wanda ke kwafe tsohon yana nan a ciki, RAID bai rasa kariyarsa ko na minti ɗaya ba. Za a fara da sdb, don shi ne ya fi kusa da injin wutar akwatin kuma ya fi sauran zafi a rahoton smartctl.